Ɗakin Kara a Bayan A-kori-kura

Na san abin da ake faɗa muku. A gidan suna ko gidan biki, in hira ta yi nisa, sai ɗaya daga cikin ƙannen mahaifiyarku ta ce ai kakanku korata ya yi daga garejinsa, wai na dawo daga ƙasashen waje da girman kai na kunyata shi a gaban mutane. Na yi shekaru ina jin wannan ban tanka ba, domin shi kansa bai so a riƙa tayar da zancen. Yanzu ya rasu, mahaifiyarku ta bi shi, ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san yadda aka yi. To ga shi zan rubuta muku, har da inda laifina yake, don akwai shi.

Na dawo Zariya bayan shekara goma sha ɗaya ina yawon neman sana'a. Na yi walda a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, na yi a Kumasi, na yi a Abijan, daga can wani kamfani ya tura ni Jamus na yi shekara biyu a inda ake ƙera tireloli. Na dawo da Larabci da Faransanci da Turanci a bakina, da ɗan Jamusancin da zai ishe ni faɗa da maigida, da akwati ɗaya na kayan aiki. Ban daɗe ba na auri Asabe, mahaifiyarku, na kuma shiga aiki a garejin mahaifinta, Alhaji Tanimu, a Muchia. Ko yanzu da na rubuta sunan nan sai da hannuna ya yi nauyi, don tunda nake ban taɓa furta shi ba. Baba nake ce masa. In zan gaishe shi sai na tuɓe takalmi na durƙusa, ba na cin abinci a inda yake, ba na haɗa ido da shi. A Jamus na ga yaron shago ya dubi maigidansa ya ce masa ya yi kuskure, su yi musu, su tashi su sha shayi tare. A Kumasi ihu ake yi har wanda ya fi murya ya yi nasara. A wurinmu kuwa, mutum ya ce wa surukinsa ba haka ba ne, wannan ba musu ba ne, zubar da mutunci ne, kuma matarka ce za ta kwana da abin a zuciyarta.

Baba gwani ne, kada wani ya gaya muku akasin haka. Bai yi boko ba, amma duk tirelar da ke ɗaukar gyaɗa da auduga tsakanin Zariya da Kudu, da wuya ka sami wadda hannunsa bai taɓa ba. Aikin da ya fi shahara da shi shi ne ɗora faranti, wato faffaɗan ƙarfen nan mai tsaga da ake kafawa a bayan kan tirela, inda turken bodi ke shiga ya kulle, ya riƙa juyawa in an sha kwana. Ƙa'idarsa ɗaya ce: faranti a kan saitin tayoyin baya yake zama, domin nauyi ya sauka inda mota ke da ƙarfi. Ƙa'ida ce mai kyau. A Jamus ma haka aka koya mini, da zane da lissafi, abin da shi ya gano da idonsa.

Shekara biyu bayan an koma tuƙi ta hannun dama, da kaka, aka kawo mana wani abu da ba mu taɓa gani ba. Wani likitan dabbobi da ke Samaru, Dakta Shehu, ya gama karatu a Amurka ya taho da ɗaki mai taya, da gado a ciki da wurin girki da akwatin sanyi na ajiye allurai, don ya riƙa bin makiyaya daji yana kwana a inda suka sauka. Gaban ɗakin a ɗage yake kamar wuyan raƙumi, an yi shi ne ya hau bayan mota ya zauna, da turkensa a ƙasa irin na tirela. Motar da ke jansa a can ya baro ta, ya sayi a-kori-kura a nan, mai gajeren bodi. Abin da yake so a wurinmu shi ne a ɗora mata faranti. Rabin Muchia sun zo kallo. Baba ya zagaya ɗakin sau ɗaya, ya hau bayan motar, ya ciro alli daga aljihu ya yi alama a saitin tayoyin baya.

"Nan ne," in ji shi. "Dakta, ka dawo bayan mako biyu. Wannan ai jikar tirela ce."

Da aka tafi sallar azahar na tsaya baya na ciro tef na auna. Faɗin ɗakin ƙafa takwas, rabinsa huɗu ke nan. Daga alamar allin zuwa gilashin da ke bayan direba, ƙafa uku da 'yan kai. Ma'ana, duk ranar da aka sha kwana mai tsanani, kusurwar ɗakin za ta juyo ta shiga gidan direba ta gilashin, daidai ƙeyar wanda ke zaune. A babbar tirela wannan ba ya faruwa, saboda akwai fili mai yawa a bayan kai. Baba bai taɓa ɗora faranti a gajeriyar mota ba, shi ya sa bai ga dalilin awo ba. Na nuna wa Danjuma, babban mai waldar garejin, wani mutumin ƙauyukan kudancin Zariya da ya fi shekara goma tare da Baba.

"To mu matsar da shi baya mana, mu yi shiru," ya ce. "Alhaji ba ya hawa ya duba."

"In ya koma baya, nauyi zai ɗaga gaban motar. Sitiyari zai riƙa yawo a hannu. Na ga wadda ta kife haka a hanyar Buwake, lokacin da nake Abijan."

"To je ka gaya masa."

"Kai ka gaya masa."

Danjuma ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ni? Ina da 'ya'ya biyar. Kai ɗin da ka iya harshe huɗu, zaɓi ɗaya ka gaya masa da shi."

Kwana uku ina juya abin. In na yi shiru, wata rana Dakta ko direbansa zai rasa kansa, kuma sunan Baba ne zai ɓaci. In na yi magana, na taka surukina. Na duba wasu hanyoyin duka. A ce Dakta ya sayi doguwar mota, ba shi da hali. A ƙara wa turken dogon wuya, to duk girgizar hanyar daji a kan waldar wuyan za ta ƙare. Hanya ɗaya na gani: farantin ya zauna inda Baba ya ce in ana tafiya a kan titi, amma a ɗora shi a kan dogo biyu kamar na jirgin ƙasa, yadda in an zo matsatsin wuri za a tsaya a ja liba, ya zame baya ƙafa ɗaya da rabi, a sha kwana a hankali, sannan a mayar da shi ya kulle. Amma kafin in kai ga wannan, sai Baba ya yarda akwai matsala.

Ranar Juma'a da la'asar Asabe na tsintar shinkafa a tsakar gida, tana da cikin ɗanmu Habibu wata bakwai, ta dube ni ta ce tun Talata abinci nake jagwalgwalawa. Na zauna na bayyana mata, har da zane a ƙasa. Ta saurara ba ta daina tsintar ba.

"Malam, kai ba ka san Baba ba," ta ce. "Ba a gaya masa abu. Inna ta yi shekara uku tana ce masa katangar bayan gida ta tsage, bai ji ba. Ranar da ta shanya zane a wurin ya je ɗauke mata, shi ne ya dawo yana faɗa wai ba wanda ke lura da komai a gidan sai shi."

"To in shanya masa me?"

"Wannan kuma kai ne ka je Jamus."

A masana'antar da na yi aiki, kafin a yanka ƙarfe sai an fara yin siffar abu da katako mai araha a gwada. Ni ba ni da katako, amma kaka ce, karan dawa na nan tuli a kowace gona. Ranar Lahadi ba a buɗe gareji. Na ce wa Baba zan duba birkin motar Dakta, na fitar da ita zuwa wani fili a bayan unguwa, kusa da layin dogo. Ni da Danjuma muka ɗaure kara da igiyar rama, muka yi siffar gaban ɗakin daidai faɗinsa da tsayinsa, ban rage ko inci ɗaya ba. Muka kafa guntun bututu a kan alamar allin Baba ya zama turke, muka miƙa doguwar azara daga nan zuwa wani amalanke a baya, don abin ya riƙa bin motar kamar yadda ɗakin gaske zai bi. Asabe kuwa ta je wurin Inna, Inna ta ce wa Baba ta ji an ce ana wasa da motar mutane a bayan layi, ya kamata ya leƙa.

Ga laifina. Na shirya komai don Baba ya gani shi kaɗai, ya dawo ranar Litinin ya goge allinsa, ya ce ya sake tunani, ba wanda ya sani. Na manta cewa mutum irin Baba ba ya tafiya shi kaɗai. Shekarun da na yi a waje sun sa na saba ganin maigida ya ɗauki hularsa ya fita abinsa. Baba ya taso ne daga majalisarsa ta ƙofar gida, abokansa biyu suka biyo shi, ɗaya dillalin motoci, ɗaya shugaban direbobin tasha. Kuma daidai lokacin ne aka taso daga coci, mutane na ratsa filin da kayan adonsu, suka ga mota da rumfar kara a baya suka tsaya. Kafin in ankara an fi mutum talatin.

"Alhaji, ashe abin da surukinka ya koyo a Turai ke nan?" in ji dillalin. "Motar kara? Ai da ka ce, da jikokina sun koya masa kyauta."

Aka yi dariya. Na durƙusa na gaida Baba, kaina a ƙasa. Na so in ce a bari sai wani lokaci, amma ya riga ya ga bututun a kan allinsa, kuma Baba ba ya buƙatar a yi masa bayani sau biyu.

"Faɗinsa ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Ba ni makulli."

Ya shiga ya tayar da motar da kansa. Ya yi gaba kaɗan, amalanken na biye, sannan ya karya sitiyari dama gaba ɗaya kamar mai shiga lungu. Kusurwar karan ta juyo a hankali, ta taɓa gilashin, ta lanƙwashe, sai ƙarar karyewa, ɓas ɓas ɓas, ɓargon kara na zuba a bodi. Wata mata cikin masu kallo ta yi salati, wata ta kira sunan Yesu. Baba ya kashe mota. Ya daɗe a zaune. Da ya fito bai dubi kowa ba, ya hau baya ya auna daga bututun zuwa gilashi da kamun hannunsa, ya auna faɗin karan, ya sauko.

"Me ka tanada?" ya tambaye ni.

Na gaya masa zancen dogo da liba, ina ta cewa wurin da kuka sa alama shi ne daidai, Baba, a nan zai zauna, zamewar ta lokacin kwana ce kawai. Ya saurara har na gama.

"Kai za ka yi shi. Ni ba zan sa hannu ba," ya ce. Ya kakkaɓe rigarsa. "In ka gama, ka nemi wurinka."

Ya juya ya tafi, abokansa na biye. Kafin magariba labari ya gama Sabon Gari, kuma kowa da irin nasa. Asabe ta yi kuka har na ji tsoro saboda cikin. Inna ta aiko a gaya mini da ta san abin da za a yi da maganarta ke nan da ba ta buɗe baki ba. Ƙannen Asabe suka daina gaishe ni, kuma daga ranar ne labarin da kuke ji ya samo asali. Ban ga laifinsu ba. Ubansu ne, kuma a gaban mutum talatin aka yi.

Mako uku na yi a kan aikin. Na samo ƙarfen dogon, mai kwari a tsakiya, a wurin wani Inyamuri mai sayar da tsofaffin ƙarafa a kasuwar Sabon Gari, muka yi ciniki da Turancin buroka yana rantsuwa daga jikin gada aka ciro shi. Na sa boris huɗu a ƙarƙashin farantin don ya zame ba gardama. Na yi sakata mai sifirin wadda ke faɗawa rami da kanta, ɗaya a gaba ɗaya a baya, yadda ko direba ya yi mantuwa ba za ta tsaya a tsakiya ba. Ban yarda na kafa dogon a jikin bodi ba, sai da na huda na ɗaure shi da shasi da manyan kusoshi takwas. Kullum da safe ina durƙusawa in gaida Baba, ya amsa da kalma ɗaya ya wuce. Bai taɓa tsayawa a kan aikin ba. Sai dai Danjuma ya ce mini in na tafi masallaci yakan zo ya tsuguna ya daɗe yana leƙa ƙarƙashi, wata rana har ya ja libar ya sake ta sau uku yana sauraron ƙararta.

Ranar da za a kai wa Dakta, muka haɗa ɗakin da motar da hantsi. Na ɗauka Danjuma ne zai raka ni. Ina buɗe ƙofa na tarar da Baba zaune a kujerar gefen direba, da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa zama kusa da shi haka ba, kafaɗa da kafaɗa. Na tayar da mota. Muka ratsa PZ mutane na tsayawa suna nuna mu, masu kekuna na kaucewa, muka hau hanyar Samaru. Motar ta zauna daram, sitiyari bai yi yawo ba ko da na ƙara wuta.

"Nauyin na kan ƙafafunta," in ji Baba, yana kallon gaba.

"Inda kuka sa alama ne, Baba."

Ya ci gaba da kallon hanya.

Gidan Dakta na cikin wani lungu a Samaru, da kwata a kowane gefe, kuma sai an karya dama gaba ɗaya kafin a shiga. Dakta na tsaye a bakin lungun da matarsa da maƙwabta da wasu ɗalibai. Na tsaya, na sauka na sa wa tayoyin ɗakin waigi don kada ya motsa, na ja liba, na koma na matsa gaba a hankali. Farantin ya zame, sakata ta faɗa raminta, ƙarar ta ratsa motar. Na cire waigin na dawo. Sai na ga Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya jingina ƙeyarsa da gilashin baya, daidai inda karan ya karye.

"Baba, da kun sauka tukuna."

"Ka yarda da aikinka ko ba ka yarda ba?"

"Na yarda."

"To tuƙa."

Na yi tuƙi a ƙasashe biyar, ban taɓa shan kwanar da ta kai wannan tsawo ba. Na karya sitiyari har ƙarshe. Ta madubi ina ganin farar kusurwar ɗakin na tahowa, tana girma, har inuwarta ta rufe kan Baba. Bai motsa ba, bai ko rufe ido ba. Kusurwar ta zo, ta wuce, da tazarar da ba ta fi tafin hannu ba. Muka miƙe cikin lungun. Ɗaliban suka yi ta tafi da fito.

Baba ya mayar da hularsa ya sauka. Dakta ya rugo ya kama hannunsa da hannu biyu yana cewa ko a Amurka bai ga irin wannan ba.

"Ba ni za ka gode wa ba," in ji Baba, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ni da na yi, da yanzu ana wanke jini. Ga mai aikin nan. Mijin 'yata ne."

Daga nan ya yafito ni, muka taka zuwa bakin titi, ina bayansa da taku biyu. Ya nuna wani fili a tsallake, mai bishiyar mangwaro ɗaya da tarin yashi.

"Can za ka buɗe. Na gama magana da mai wurin tun makon jiya. Gobe Danjuma zai kawo maka ƙaramin injin walda." Ya juyo gare ni. "A garejina ba za ka iya ce mini na yi kuskure ba, ni kuma ba zan iya ji daga bakinka ba. Wata rana karan ba zai samu ba, mu kashe wani."

Na durƙusa a nan bakin titi. Na ce bari in nemo mota in mayar da shi gida. Ya ce a'a, ya san hanya. Ya ɗaga wa wata bas hannu, ya tattare babbar rigarsa ya shiga ya matsu a tsakanin ɗalibai, ni kuma na tsallaka titi na fara auna filin da ƙafata.